An ga wata a Sakkwato, an karanta a shafin Legas

Daren 29 ga watan Sha'aban, da zarar an sallame magariba, tambaya guda ce a bakin Musulmin Najeriya daga Illela har Fatakwal: an ga wata? Amsar kuwa daga gari ɗaya take fitowa. Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ke kan karaga tun watan Nuwamban 2006, shi ne shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, kuma daga fadarsa da ke nan Sakkwato ake sanar da ƙasa ko gobe a tashi da azumi ko a cika talatin. 'Yan jaridar garin nan su ne a tsaye a wurin, su ke fara ji da kunnensu. Amma ka ɗauki wayarka a daidai wannan lokaci ka tambayi Google, shafin nan da ake wa kirari da matambayi ba ya ɓata. Galibi abin da zai jero maka a sama shafukan Legas ne da na Abuja da na Landan. Wanda aka yi abin a gabansa yana can shafi na uku, inda ko mai cigiyar akuya ba ya leƙawa.

Ba asiri aka yi wa Sakkwatawa ba. Waɗancan gidajen jaridu sun iya wata sana'a ce da ake kira SEO a taƙaice, wato shirya labari da shafin da ke ɗauke da shi ta yadda injin bincike zai gan shi, ya gane abin da ya ƙunsa, ya sa shi a sahun gaba. Wanda ya taɓa shiga kara neman rago ya san yadda abin yake. Baƙo ba ya bin turke-turke, dillali yake samu ya gaya masa irin ragon da yake so da abin da ke aljihunsa, dillali ya ja shi wurin mutum biyu ko uku. Mai ragon da ya fi na kowa ƙiba yana iya wuni a rana ba a taya ba, don kawai dillali bai san da zamansa ba. To a kasuwar labarai ta intanet dillalin kusan ɗaya ne. Cikin kowane bincike goma da ake yi a duniya, wajen tara ta hannun Google suke bi, kuma wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika hannun mutanenmu da shi suke zuwa tun daga kwali. Ba a banza ya samu wannan matsayi ba. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da kamfanin, an bayyana cewa a shekarar 2021 kaɗai ya biya fiye da dala biliyan 26 domin ya zama injin da mutum zai tarar a wayarsa ba tare da ya zaɓa ba, kuma a watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa kamfanin ya yi babakere a harkar bincike ba bisa doka ba.

Aikin dillalin nan hawa uku ne. Yana da wasu manhajoji da ba sa barci, suna bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, duk inda suka ga linki su bi ta kansa su faɗa shafi na gaba. Masu harkar suna kiran su gizo-gizo, sunan kuwa ya dace tunda dama yanar gizo muke cewa. Abin da suka kwaso sai a zuba shi a wani makeken rumbu, a jera shi kalma-kalma, kamar yadda mai kemis ke jera magunguna don kada ya yi ta lalube. Saboda haka idan ka rubuta "farashin albasa a Sakkwato", ba a lokacin ake zagaya intanet ba, rumbun ake buɗewa. Hawa na uku shi ne mai rigimar: cikin dubban shafukan da ke da waɗannan kalmomi, wa za a sa a gaba?

A 1998, lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google daga jami'ar Stanford, dabarar da ta bambanta su da sauran ita ce ƙidayar shaidu. Duk shafin da ya sa linki zuwa naka tamkar ya tsaya maka ne, kuma shaidar babban shafi wanda shi ma jama'a da yawa suka tsaya masa ta fi ta ƙaramin shafi nauyi. Ɗalibin zaure a birnin Shehu ba zai sha wahalar gane wannan ba, don ya yi kama da isnadi: wa ya ruwaito, daga wa ya ji. Sai dai kamar iyakarta ke nan. Malaman hadisi suna bin diddigin adalcin mai ruwaya da ƙarfin haddarsa, suna kuma rarrabe abin da ya shahara a bakin mutane da abin da ya inganta. Injin bincike shahara ya fi iya aunawa. Daga baya an ƙara masa ma'aunai da dama, kamar sabuntar labari, da garin da mai tambaya yake, da saurin buɗewar shafi, da yadda shafin ke fitowa a waya. Kamfanin ba ya bayyana nauyin kowane ma'auni, yana kuma sauya su sau da yawa a shekara. Shi ya sa wani abin da 'yan SEO ke faɗa ilimi ne, wani kuwa bugun ƙasa ne kawai.

Da wannan za ka gane abin da ke faruwa a daren ganin wata. Babbar jaridar Legas ta shekara goma sha tana tara linki daga dubban shafuka. Tun la'asar ta buɗe shafi mai ɗauke da kalmomin da ta san za a nema. Gizo-gizon kuwa ya saba da ƙofarta, yana leƙawa a kai a kai, don ya san ba a rasa sabon abu. Shi kuwa ɗan jaridarmu da ke fada, hoton takardar sanarwa ya ɗauka ya sa a Facebook, ya tura muryarsa a guruf ɗin WhatsApp, ya garzaya ya kai rahoto gidan rediyo. Ya yi aikin, amma bai ajiye shi inda dillali ke bi ba.

A nan ne amfanin abin yake, kuma ba na cikin masu raina shi. Hausawa sun ce a rashin tayi akan bar arha. Labarin Sakkwato mafi yawansa a murya yake rayuwa, a Rediyon Rima da tashoshin FM da saƙon murya na waya. Murya kuwa iska ce, in ta wuce ta wuce. Injin bincike ba ya shiga guruf ɗin WhatsApp, kuma hoton takarda ba ya yi masa daɗin karantawa kamar rubutun da aka buga. Don haka matakin farko na SEO a wurinmu ba ya buƙatar wani gwani: a zauna a rubuta labarin, a sa masa rana da sunan gari da sunan wanda ya rubuta, a ajiye shi a shafin da ke da adireshi tsayayye.

Sai kanu. Jaridar takarda tana son kanu mai zaurance, irin su "Ta faru ta ƙare" ko "An yi ba a yi ba". A kan takarda yana da armashi, don ga hoto a gefe, ga mai talla yana yi maka bayani. Amma babu mahalukin da zai rubuta "ta faru ta ƙare" a Google alhali abin da yake nema shi ne ko an biya albashi. BBC ta ci karo da wannan matsala, shi ya sa a 2009 ta fara yi wa labari kanu biyu, gajere na shafin farko da kuma dogo mai cikakkun sunaye domin masu bincike. Abin da injin ke nunawa na kanu bai cika wuce haruffa 60 ko kusa da haka ba, sauran yanke shi yake yi. Wannan ya tilasta wa edita ya sa abu mafi muhimmanci a gaba, ya bar dogon kirari da jerin muƙamai. Idan kuma sakin layi na farko ya faɗi abin da ya faru da inda ya faru da lokacin da wanda abin ya shafa, injin ya gane, mai karatu ma ya huta. Darasin makon farko ne a ajin koyon aikin jarida, injin ne kawai ya zo yana karɓar tara daga wanda ya manta.

Haka batun sauri. Google na son babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. Wanda ya fi cin moriyar wannan sharaɗi ba mutumin Landan ba ne, malamin firamare ne a Tangaza mai sabis sanda ɗaya da datar naira ɗari biyu. Duk editan da ya rage nauyin hotuna, ya cire tallan da ke tsalle ya rufe fuskar waya, don tsoron Google ya yi, amma malamin nan ne ya amfana.

Akwai wata wahala da ta keɓanta da mu, ita ce ta rubutu. Garin nan kansa suna biyu gare shi a allon waya, Sakkwato da Sokoto, kuma ɗan garin ma sau da yawa na biyun yake latsawa. Ga Tambuwal da Tambawal, ga Ƙwanni da Konni. Ga haruffa masu lanƙwasa, waɗanda yawancin masu tambaya ba sa damuwa da su, sai su rubuta "kasa" suna nufin ƙasa, su rubuta "bata" ba ka san ɓata suke nufi ko ba ta ba. Editoci da yawa sun zubar da lanƙwasa gaba ɗaya don kada su rasa masu karatu. A ganina an yi asara a nan. Ana iya barin adireshin shafi da haruffa marasa lanƙwasa, a ambaci sunan gari ta fuska biyun inda ya dace, amma jikin labari a rubuta shi da Hausa ta gaskiya. Wahalar da aka sha tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 kafin a daidaita wannan rubutu ba ta cancanci a watsar da ita don a faranta wa manhaja rai ba. Balle Sakkwatanci, wanda ke faɗin "mi" da "wanga" da "munka", shi ko a lissafin ba a sa shi.

Riba mafi daɗewa kuwa ita ce rubutu ba ya mutuwa da wuri. Rahoton rediyo na yamma da safe ya zama tarihi. Amma kyakkyawan bayani a kan abin da ya jawo ambaliyar 2010, lokacin da ruwan Goronyo ya ci garuruwa da gonaki, duk damina sai an neme shi. Haka bayanin yadda ake ajiye kuɗin kujerar hajji, ko yadda ake duba sakamakon JAMB. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, da aka rufe iyaka, wata da watanni mutane suna tambaya guda: an buɗe bodar Illela? Mai tambayar yana iya zama ɗan kasuwar albasa a Mile 12 ta Legas, ko ɗalibi a Alƙahira, ko mai 'yan uwa a Ƙwanni. Tashar FM ba ta kai wa waɗannan. Ƙaramin shafi a Sakkwato da ya aika mutum Illela ya gano da idonsa ya fi kowa cancantar ba su amsa, kuma SEO ce hanyar da za su same shi.

Zuwa nan duk gyaran rumfa ne, kaya na nan yadda suke. Matsalar tana farawa ne ranar da dillali ya fara gaya wa makiyayi irin ragon da zai kiwata.

Ina da ƙane, ɗan baffana, da ke riƙe da wani ƙaramin shafin labarai shi da abokansa biyu. Wata rana na ga wani kanu a shafinsu da bai yi mini ba, na kira shi na yi masa faɗa. Bai musa ba. Ya ce, "Yaya, wanga abu lissahi na. Abin da mutane ka nema shi muka rubutawa. In ba ka sa Innalillahi ba, babu mai taɓawa." Na kasa ce masa ƙarya yake yi. Ni kaina an taɓa kama ni da wannan tarko. Wani dare wani shafi ya ɗora hoton wani dattijo da muke girmamawa, da kanu mai cewa Innalillahi, an yi babban rashi. Kafin in buɗe har mahaifiyata ta kira tana salati. Da na bi ta cikin tallace-tallace na kai ga labarin, ashe dattijon ta'aziyya ya je yi wa wasu. Ba a faɗi ƙarya ƙarara ba, amma an yaudari mutane, an kuma mayar da kalmar da Musulmi ke faɗa lokacin musiba ta zama ƙugiyar kamun kifi. Irin wannan kanu ya fi yin tasiri a Facebook da kuma Discover, wato jerin labaran nan da Google ke turo maka a waya ba tare da ka tambaya ba. Ƙa'idar kamfanin ta hana shi, amma ana yi.

Don a yi wa ƙanena adalci sai an duba inda kuɗin ke fitowa. Yawancin ƙananan shafuka da AdSense suka dogara, wato tsarin da Google ke sa talla a shafinka ya ba ka kaso. Ba a biyanka sai ka tara dala 100. Kuɗin tallan kuma ya danganta da inda mai karatu yake, idon ɗan Amurka ya ninka na ɗan Najeriya tsada, domin masu talla aljihu suke bi. Daɗin daɗawa, shekara da shekaru Hausa ba ta cikin jerin harsunan da tsarin ya amince da su. Wannan ne asalin abin da kake gani a shafukanmu, kanu da Turanci jiki da Hausa, ko a cusa wasu labaran Turanci da babu mai karantawa don dai a samu shiga. Wanda ake biya kwabo-kwabo a kan kowane ido, dole ya nemi ido dubu ɗari. Mutum uku kuwa ba sa iya nemo labari talatin a rana. Sai kwafi.

Wakili zai sa ransa a hannu ya bi hanyar Sabon Birni ko Isa, ya ji ta bakin waɗanda aka kora daga gidajensu, ya dawo ya rubuta. Kafin ya sha ruwa shafuka ashirin sun ɗauke, wasu ko sunansa ba su bari ba. Abin takaicin, idan wanda ya kwafa ya fi shi tsufa da yawan linki, shi zai hau sama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A watan Satumban 2019 Google ya sanar da cewa zai riƙa fifita wanda ya fara kawo rahoto, sai dai kwafin bai tsaya ba, ya ma sami sabon kayan aiki. Tun Disambar 2013 Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google, yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu rubuta labari cikin ƙiftawar ido. Sakamakon shi ne wata irin Hausa marar gishiri, kalmomin namu ne amma ƙashin bayan na Turanci, har ka karanta jimla sau biyu ba ka san wa ya kashe wa ba. Kada a ɗauka ƙananan shafuka ne kawai ke faɗawa. CNET, tsohon shafin labaran fasaha na Amurka, a farkon 2023 ya amsa cewa na'ura ce ta rubuta masa maƙaloli 77, kuma sai da ya yi gyara a 41 daga cikinsu. A watan Maris na 2024 Google ya fito da doka a kan masu zuba rubutu buhu-buhu don hawa sama kawai.

Haɗarin da ya fi ba ni tsoro ga mai karanta Hausa shi ne na wurin da babu kowa. A 2018 wasu masu nazari biyu a Amurka, Michael Golebiewski da danah boyd, suka ja hankali a kan abin da ke faruwa idan aka yi tambayar da ba a rubuta abin kirki a kanta ba. Injin ba ya cewa bai sani ba, abin da ya samu shi zai miƙo. Ranar da aka yi harbin Las Vegas a watan Oktoban 2017, na ɗan lokaci Google ya ɗora zancen wani dandalin 'yan tsegumi a sahun manyan labarai, alhali mutumin da suka ambata ba shi ya yi harbin ba. Wannan a Turanci ke nan, harshen da ya fi kowane yawan rubutu a intanet. To ina ga Hausa? A wurinmu kusan kowace tambaya bango ne tsagagge, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka tambayi maganin ciwon suga, ko illar rigakafi, ko sunan wani ƙauye da aka ce an kai hari. Wanda ya riga kowa rubutawa shi ne malami, ko mai tallar magani ne, ko ɗan siyasa mai neman ɓata abokin hamayya. A jihar da kiran mutum ɗan leƙen asirin 'yan bindiga kan iya zama sanadin ajalinsa, sunan da aka maƙala wa zargi a kanu don a riga kowa ba abin wasa ba ne. Ko an goge labarin, hotonsa ya riga ya zagaya. Shi ma mai shafin ba a tsira yake ba, don sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar da ta kai naira miliyan 7 a kan yaɗa ƙarya da gangan, kuma an sha kama 'yan jarida da shi, har da waɗanda gaskiya suka faɗa.

Sannan rumfar ta haya ce. A watan Fabrairun 2011 Google ya yi wani sauyi da aka sa wa suna Panda, kamfanonin da suka gina dukiyarsu a kan rubutun cika shafi suka wayi gari kasuwa ta watse. A 2012 aka bi ta kan masu sayen linki. A Janairun 2018 Facebook ya rage nuna labaran jaridu, waɗanda suka jingina da shi suka ji a jikinsu. Na baya-bayan nan ya fi duka: tun watan Mayun 2024 Google ya fara sa amsar da na'ura ta harhaɗa a saman sakamakon bincike. Cibiyar Pew ta bi sawun binciken Amurkawa 900 a 2025, ta tarar idan wannan amsa ta fito, kashi 8 cikin ɗari ne kawai na binciken ke ƙarewa da latsa wani shafi, idan babu ita kuwa kashi 15 ne. Wato dillali ya fara yanka ragon yana sayar da tsire a bakin ƙofa. Tambaya irin ta "an ga wata?" ita ce ta farko da za ta tafi, don amsarta kalma ɗaya ce. Gidan jaridar da mutane ke nema da sunansa, ko suke bin tasharsa ta WhatsApp, ko suka san muryar wakilinsa a rediyo, shi ke da abin riƙewa ranar da mai rumfa ya ce a tashi.

Duk waɗannan ana iya ganinsu, ana iya yin faɗa a kansu. Wanda ba a gani shi ne labarin da ba a rubuta ba. Maganar ƙanena, abin da mutane ke nema shi muke rubutawa, tana da daɗin ji kamar biyayya ce ga jama'a. Amma mutum ba ya neman abin da bai san ya faru ba. Babu wanda zai rubuta sunan asibitin ƙauyen da ya shekara babu ungozoma, ko makarantar da aka fitar wa kuɗin gini a takarda alhali yara a gindin bishiya suke. Sai ɗan jarida ya je ya tono, sannan a san akwai abin tambaya. Manhajar Google Trends, wadda ke nuna abin da ake yawan nema, tana da amfani wurin gane abin da ya ruɗa mutane don a yi musu bayani. Idan ta zama ita ce editan, za ka tarar da rikicin 'yan fim da ƙwallon Ingila da kuɗin tallafi, kullum su ke nan. A 2011 jaridar Huffington Post ta Amurka ta buga labarin da kanunsa tambaya ce kawai, da ƙarfe nawa za a fara wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, don ta san miliyoyi za su rubuta haka. Ta kwashi jama'a, kuma har yau ana kafa misali da shi a kan yadda ɗakin labarai ke komawa mai amsa tambayar agogo.

A Sakkwato wannan magana tana da nauyi na daban. A watan Satumban 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda matsalar 'yan bindiga. A tsawon lokacin nan, yankin da ya fi ko'ina abin ba da labari shi ne yankin da ba a yin bincike daga cikinsa ko ɗaya. Editan da ke kallon allon lissafi zai ga shiru daga gabashin jihar, kamar lafiya lau. Ko da an maido da sabis, tsohuwar da aka kora daga ƙauyenta ba ta da waya mai shafawa, manomin da aka sa wa harajin girbi ba da boko yake karatu ba, wataƙila da ajami. Ba sa cikin ƙidayar masu latsawa, masu talla ba sa neman idonsu, Trends bai san da su ba. Ma'aunin da aka gina a kan wanda ya tambaya, dole ya karkata ga mai waya da data da ke birni. Idan gidan jarida ya bar wannan ma'auni ya zaɓa masa inda zai tura wakili, to Gudu da Isa da Sabon Birni za su riƙa fitowa ne kawai ranar da adadin gawa ya kai a yi kanu da shi.

Shi ya sa idan aka tambaye ni, nakan raba aikin gida biyu. Zaɓen labari na edita ne da wakilinsa, su da suka san gari. Bayan an rubuta an tabbatar, sai a kira mai SEO ya gyara kanu, ya sa sunan gari yadda ake nemansa, ya rage nauyin hoto, ya haɗa labarin da na baya. A wannan matsayi ɗan aike ne mai amfani ƙwarai. Na san faɗar haka ta fi aikatawa sauƙi, musamman ga yara uku da ke haɗa kuɗin data da na mai daga aljihunsu. Wasu gidajen suna barin labaran da ake nema su ciyar da waɗanda ba a nema, a rubuta yadda ake duba sakamakon jarrabawa, abin da ya shigo a sa wa wakili mai a babur ya tafi Gada. Wannan ciniki ne da zan iya zama da shi.

Ƙanena dai ya koyi darasin daren ganin wata. Bana tun bayan azahar ya buɗe shafi, ya rubuta bayanin yadda labarin ganin jinjirin wata ke tasowa daga wanda ya gani da idonsa, ya bi ta hannun sarakuna da kwamiti, har ya iso fada a tantance. Ya sa Sakkwato ya sa Sokoto. Ya kuma shirya kanu biyu ya ajiye, ɗaya an ga wata, ɗaya ba a gani ba, kamar yadda manyan jaridu ke yi. Da magariba ya kira ni, ina jin hayaniya a bayansa. Ya ce, "Yaya, wasu har sun saki, sun ce an gani a wani gari. In saki?" Na tambaye shi ko an fito an karanta sanarwa. Ya ce tukuna, ana dai ta shiga da fita. Na ce to ya mayar da wayar aljihu ya matsa kusa da lasifika.